A Bar Rumbun Tsimi

Yaya Dogo,

Gaisuwa daga Kumasi. Ina Inna, ina yara, ina mutanen Madarumfa? Ni lafiya lau.

Na ji tafki ya janye, gero bai yi ba. Nan ma masara ta ƙone, kuma ma'aikatan jirgin ruwa da suka zo daga bakin teku sun ce har hayin teku haka ne. Ka tuna Kaka takan ce irin wannan fari sai ya maimaita baɗi.

Don haka na fasa sayar da rabona na rumbun tsimi. A ware iri, sauran na yara ne. Allah ya kai mu damina.

Rogo nake ci, sau ɗaya a yini. In Inna ta tambaya, ka ce na yi ƙiba.

Ƙanenka,
Shu'aibu