Maɓalli na Uku

Auta,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, da Mama da mai jiki.

Na zaɓi rubutu ne domin idan na kira ka faɗa za mu yi. Mama ta gaya mini abin da ya faru ranar Talata. Ta shigo falo da shayin Baba, sai ta ji muryar likita tana fitowa tar daga lasifika, yana cewa ciwon ya kai hanta, magani ya daina aiki. Baba kuwa yana zaune yana ji. Mu uku, ni da kai da Mama, muka yi alkawari ba za a gaya masa ba sai na samu hutu na zo. Kai kaɗai ka yi gardama a ranar, kai ne kuma ka haɗa wayoyin gidan. Me kake so in ɗauka?

Ka ba ni amsa, ban da kwana-kwana.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaishe ki da girmamawa. Mai jiki da sauƙi, yau ya ɗan ci abinci.

Wasiƙarki ta yi mini ciwo, amma bari in yi miki bayani tunda ba ki ga haɗin ba. Da idon Baba ya raunana, sai na sayo ƙaramin akwati mai maɓallai huɗu na ajiye a gefen kujerarsa, kowane sauti ya bi ta ciki ya fita lasifikan falo. Na ɗaya talabijin, na biyu tsohuwar kwamfutarsa mai karanta masa littattafai, na huɗu wayar Mama. Na uku kwamfutar ɗakina ce. Na raba sautinta biyu, ɗaya zuwa abin kunnena, ɗaya ta doguwar igiya zuwa falo, don in riƙa sa masa labarai daga can.

Tun ranar da na fara magana da likita ta kwamfuta na murɗe na ukun har ƙasa, na liƙe da salatif, na ce wa Baba ya lalace. Ranar Talata na tarar da salatif a ɓare. Wallahi ba ni ba ne. Da safen ranar mai jinyar da ke kula da Baba ce kaɗai ta daɗe a falo.

Ki huta lafiya.

Ƙaninki

*

Auta,

Na ga saƙonka, ina gaida kowa.

Salatif! Mutum mai sanin waya kamarka, me ya hana ka zare igiyar gaba ɗaya? Wannan tambayar tana nan, ban janye ta ba.

Amma mai jinyar nan ma ban yarda da ita ba. Zuwana na ƙarshe ta tare ni a bakin ƙofa tana cewa mara lafiya yana da haƙƙin sanin halin da yake ciki. Wa ya tambaye ta? Ka sallame ta, zan nemo wata. Kuma ka lura da Mama, ka san ba ta iya riƙe abu. Ya Baba yake tun ranar? Me ya ce?

Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa.

Igiyar ta bi bayan kabad ne, na yi ƙyuya. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Na tambayi mai jinya. Ta ajiye jakarta ta dube ni ta ce, "Shekara guda ina wanke mahaifinka, yau ni ce mai ɓare salatif?" Na ce mata ƙarshen mako ne ƙarshen aikinta.

Gidan ba daɗi, Yaya. Mama tana kallona, ina kallonta. Baba bai ce uffan ba, sai dai ya kunna na biyu ya yi ta sauraron littafi. Jiya ya tambaye ni adireshinki.

Ƙaninki

*

Babbar 'yata,

Ina gaishe ki, Allah ya yi miki albarka. Mai jinya ce ke rubuta mini, kuma ba inda za ta.

Ni na ɓare salatif. Idona ne ya tafi, hankalina yana nan. Yaro ya ce abu ya lalace amma bai gyara ba, shi da ba ya iya ganin waya a kwance, uwarku kuma ta daina yi mini faɗan gishiri. Sau uku ina murɗawa in ji likita, in mayar in liƙe. Ranar Talata dai uwarku ta shigo kafin hannuna ya kai ga maɓallin.

Na ji likita yana ce wa ƙaninki ya share hawaye ya sha ruwa. Ki daina tuhumarsa.

Ban yi fushi da kowa ba. Amma kada ki jira hutu. Ki zo yanzu, ina da maganganu, kuma ina so in faɗe su da bakina.

Mahaifinki