Dami Ashirin na Kwamiti

Gwiwa, Jihar Jigawa

Zuwa ga Yayana Sama'ilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali a can Fatakwal, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida da sandarta. Matata Zulaikha ta sauka lafiya, an samu mace.

Yaya, dalilin takardar nan gonar Inna ce, kuma wallahi raina a ɓace yake. Ka san tun da can a ƙauyenmu, in dabba ta yi ɓarna aka ƙiyasta ta kai dami biyar, magana ta fi ƙarfin mai unguwa, sai kotu. To, farkon damina kwamitin sulhu ya tara mu, aka ce a ɗaga zuwa dami ashirin. Surukinka Alhaji Muhammadu Lawal ne ya kawo shawarar. Ya ce ana wahalar da talaka, akuya ta ci ɗan gero sai mai ita ya ƙare a hannun 'yan sanda. Duk ɓarnar da ba ta kai ashirin ba, a ba da haƙuri da ɗan abin da ya sawwaƙa. Maganar ta yi daɗin ji, ni kaina na dangwala yatsa. Ashe a makon da aka yi taron ya sayo shanu talatin daga Babura, ba mu sani ba.

Gero na fara nuna, ranar Talata shanunsa suka shiga gonar ta gabas. Masu ƙiyasi suka ce dami goma sha biyu. Ranar Juma'a muna masallaci suka koma, aka ce goma sha ɗaya. Na ce to a haɗa mana, ashirin da uku ke nan. Sai Mamuda, sakataren kwamiti, ya ce wai kowace shiga da nata ƙiyasi, ba a haɗawa. Kai jama'a! Shanun mutum ɗaya, gona ɗaya, kwana uku tsakani. Ban zargi kowa ba, amma sabon babur ɗin da Mamuda yake hawa, kowa ya san wanda ya saya masa. Na sami dattijon da ke kiwon shanun, mutumin kirki ne, ya sunkuyar da kai ya ce shi hanyar da aka nuna masa ya bi.

Ban kai ƙara ba saboda darajar matarka Khadijat, kada in ɓata muku zumunci da mahaifinta. Don Allah ka kira shi a waya, kai zai ji kunyarka. In ka ga ba haka ba, ka ba ni izini in wuce kotu da kaina, kwamiti ya ce abin da zai ce. Kada ka yi jinkiri, don Inna ba ta san komai ba, har ta sa an yaɓe mata rumbu.

Jiya na zagaya abin da ya rage a tsaye. Sai ya ƙara kwana goma kafin ya isa girbi, kuma bai fi dami goma sha biyar ba. Ka ga ko gobe suka cinye shi tas, a wajen kwamiti haƙuri kawai za a ba mu. Shi ne kuma abincin Inna na shekara.

Ka gaida Khadijat da Ahmad da Khairiyya. Adda tana gaishe ku. Ina sauraren kiranka.

Ƙaninka,
Musaddiƙ