Takardar Shari'ar Fadamar Baba

Yaya Sule,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya jikinka, ya sanyin Jos? Ina fata Yaya Hauwa da yara suna lafiya. Mu nan garin Sara ƙalau muke, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Bayan haka, maƙwabcinmu Malam Idi ya sake turo shingensa cikin fadamar Baba, don haka na fita neman takardar shari'ar da alƙali ya yanke mana tun zamanin En'e. A Gwaram aka ce an kwashe takardun zuwa ofishin ƙaramar hukuma a Birnin Kudu. Na sa babbar riga na shiga motata, ka san ni ba a ajiye ni a benci.

Da na isa ofishin, ko zama ban yi ba akawun ya ce, "Alhaji, maganar fadamar Sara ce ko? Ai fayil ɗin yana Kano."

Na ce, "Malam, wa ya gaya maka abin da ya kawo ni?" Sai ya sunkuyar da kai yana jujjuya biro.

Yaya, ko matata ba ta san zan je ba. Kai kaɗai na rubuta wa, kuma na san karanta maka ake yi. Zan bi fayil ɗin har Kano, amma ranar tafiyata ba za ta shiga takarda ba.

Ka sa mu a addu'a, Allah ya tsare mana gadonmu. A gaida mutanen gida. Kai kuma mai karanta wa Yaya, ina gaishe ka, ka gaishe min da surukinka Malam Idi.

Ƙaninka,
Alhaji Garba