Sunan da Ya Gagare Mu Faɗa a Cibiyar Mata

Garwa, unguwar Fulɓere

Zuwa ga yayata abar ƙaunata, Adda Jebba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da Hamma Bakari da yara, Ya kuma sauƙaƙa miki ciwon gwiwar da damshin Duwala ke tayar miki. Mu nan lafiya lau. Inna ta warke sarai, har ta koma faɗa da awakin maƙwabta. Maigidana yana nan yana fama da babur ɗinsa, ya ɗan rame amma dariyarsa na nan.

Adda, kin san tun rasuwar surukina bara gidanmu ya shiga wani hali. Shi ke ɗauke da kowa da fataucin shanunsa, surukata Dada kuwa shekara talatin ba ta san hanyar kasuwa ba. Da ta fita takaba sai ta rage cin abinci, wai nauyi take ji ta zauna ɗanta yana ƙonewa a rana dominta. Ana haka muka ji a rediyo gwamnati za ta koya wa matan da suka rasa mai ciyar da su sana'a na wata shida, in an gama a ba mace kayan aiki. Dada ta ce kindirmon roba take so ta koya, irin na firji, tunda hannunta ya saba da nono. Mata arba'in kawai za a ɗauka, mu kuma ba mu ji ba sai ranar rufewa.

Ni na raka ta, da littafin soyayyata a hammata. Duk hanya ina hango ofis mai sanyi da wani darakta dogo mai farin tabarau, wanda zai dubi Dada ya ce daga yau wahalarta ta ƙare. Sai muka tarar da rumfar kwano da benci uku, da wata ma'aikaciya 'yar kudu, Madam Eyenga, tana fifita da takardu. Layi ya zo kanmu dab da la'asar, saura gurbi biyu. Ta tambayi sunan Dada da shekarunta, ina fassarawa, komai na tafiya daidai. Sai ta tambayi sunan mijinta.

Dada ta sunkuyar da kai ta ce baban yaran. Madam ta ce ta gane, amma sunansa fa? Dada ta ce mai shanun nan na bayan masallaci, ai kowa ya san shi. Madam ta juyo gare ni ta ce to ni in faɗa. Adda, ni in buɗe baki in kira sunan surukina a gaban matarsa? Katin shaidarsa yana garin Pitowa wurin ƙaninsa, wayar maigidana ba ta shiga, matan layin kuma babu 'yar unguwarmu. Madam ta ce shekararta shida a arewa, amma yau ta fara ganin matar da ta haifa wa mutum 'ya'ya bakwai ta manta sunansa. Dada ta ce in gaya mata ba mantawa ta yi ba, kuma in sai ta faɗa za a koya mata kindirmo, to a bar ta da ƙwaryarta. Ta fara gyara mayafi za ta tashi.

Wata tsohuwa mai goro a baki, da ake kira Goggo Kingi, ta riƙe mata zane ta ce ta zauna, kunya ba ta taɓa cika tukunya a gidan kowa ba tun da take. Sannan ta harare ni ta ce ke 'yar boko mai littafi a hammata, bakinki aka hana ko hannunki? Nan layi ya rabu biyu, wasu na cewa rubutawa ma kira ne, wasu na cewa alƙalami ba shi da suruki. Na dubi Dada, sai ta kau da kai tana kallon itacen mangwaro. Na gane an ba ni izini. Na juya mata baya, na yage farin shafin ƙarshe na littafina, na rubuta sunan. Madam ta kwafe, ta buga hatimi, ta ce ranar Litinin ƙarfe takwas.

Za ta jefar da takardar ke nan Dada ta miƙa hannu ta karɓa. Ta daɗe tana kallonta a juye, tunda ba ta iya karatu ba, ta tambaye ni a hankali ko duk sunan ke nan, ɗan wannan. Na ce shi ke nan. Ta ce mutumin ya fi haka tsawo. Ta ninke ta ɗaure a bakin zane.

Yau satinta uku tana zuwa. Ita ke riga kowa tashi, ta dawo tana koya mana wanke hannu kamar ba ita ta raini gidan ba, tuwonta kuma ba ya saura. Ni ce dai na shiga uku, don sai a gida na lura bayan shafin ba fari ba ne, ƙarshen labarin ne. Har yau ban san ko yarinyar ta auri likitan ba. Amsar tana ƙarƙashin matashin kan Dada, ni kuwa ba ni da fuskar da zan ce ta ara mini.

Ki gaida Hamma Bakari, da Hapsatu, da ɗan autanki Yerima mai ƙiriniya. Inna da Goggo Diddi suna gaishe ki. Dada ta ce in kin zo Sallah, robar farko taki ce.

Ƙanwarki mai kewarki kullum,
Dudu