Rabin Digiri

Litinin, 3 ga Maris
Jirgin nan wari yake, wallahi. Ƙarnin kifi ya shiga filo, ya shiga shayi, har dardumar sallata bai bari ba. Tun da muka bar gaɓa nake amai. Aikina na mai koyon tuƙi: kullum da rana tsaka in karanta inda muke, in faɗa wa ofishin tudu ta rediyo. Kyaftin kuwa da murfin birona yake sakace. Tir.

Alhamis, 6 ga Maris
Kuku ya tambaye ni mene ne wannan longitud da nake ta kira. Na ɗauki albasa a kicin ɗinsa, na nuna masa layukan da suka sauko daga kai zuwa gindi. Na ce haka aka tsaga duniya, kowane layi da lambarsa da ake kira digiri, shi ke gaya maka nawa ka yi gabas ko yamma. Ya ce, "To, Malam Digiri, ba ni albasata." Shi ke nan suna ya bi ni.

Asabar, 8 ga Maris
Akwai layi ɗaya da doka ta hana manyan jirage tsallakewa. Gabas da shi, wajen gaɓa, na masu kwalekwale ne, can kifi ke zuba ƙwai. Yau mun tsallaka. Kyaftin ya kashe na'urar da ke nuna wa na tudu inda muke, ya ce in na kira su in mayar da mu rabin digiri yamma.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ba can muke ba."

Ya ce, "Ka taɓa ganin layi a kan ruwa? Lasisinka, sa hannuna yake jira ko na kifi?"

Na kira. Na faɗa. Shekarun da na yi ina koyon lambar nan don kada jirgi ya ɓata, yau ga amfaninta.

Lahadi, 9 ga Maris
Ban ci komai ba.

Laraba, 12 ga Maris
Ragarmu ta hau cike da 'yan ƙananan kifi, ko tsawon yatsa ba su kai ba. Da shebur aka mayar da su ruwa, matattu. Ruwan ya yi fari fat. A cikin tarkacen har da ragar wani dattijo da muka yage. Yana tsaye a kwalekwalensa, guntun igiya a hannu, yana ɗaga murya: "Ku bayin Allah, da me zan koma gida?" Ma'aikata suka ɗaga masa hannu suna dariya. Ni na shige banɗaki. Shi ma ya toshe tun jiya, ba wanda ya damu.

Juma'a, 14 ga Maris
An samu sabis, na kira Maman yara. Wai ta gaya wa maƙwabta mijinta ne ke auna duniya. Na so in faɗa mata gaskiya. Ta ce, "Ka dai daure, Baban yara, saura ƙiris." Sai na tambaye ta tarin da ƙaramar 'yarmu ke yi.

Talata, 18 ga Maris
Kyaftin ya kwanta da ciwon ciki, ya bar mini sitiyari. Bai ce komai a kan tsallaka layin nan ba, ko kalma. Amma na'urar neman kifi ta nuna garken ya yi gabas, kuma mutane na tsaye a bakin raga suna kallona. Iska ma ta can take turawa. Kusan dai. Na juya sitiyari gabas.

Da rana tsaka na kira tudu, na zaftare rabin digirin, muryata ko rawa ba ta yi ba. Matar ofishin ta ce, "Allah ya dawo da ku lafiya." Na ce amin.

Da la'asar Kyaftin ya leƙo yana riƙe da ciki, ya dubi abin da aka kama, ya dube ni. Ya ce tafiya mai zuwa ni ne mataimakinsa. Mutumin banza, ko bakinsa bai wanke ba.

Ban ce na yarda ba. Na dai tambayi Kuku ko ɗakin mataimaki yana da taga.