Garinmu Ya Fito Daga Ruwa

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali. Allah ya ba ka sauƙin ciwon bayan nan. Mu nan kalau muke, sai gwiwa da ke yi mini tsiya in zan miƙe. Mai sunan Inna ta yaye ɗanta, ya zama sarkin ɓarna.

Dalilin rubuto maka shi ne, garinmu ya fito daga ruwa. Kada ka ce tsufa ne ya fara taɓa ni. Babbar 'yata, wadda ke aikin zana taswira, ta kai ni ofishinsu ta zaunar da ni gaban kwamfuta. Ta ce hotuna ne da tauraron ɗan'adam ke ɗaukowa daga sama, kuma bana ruwan dam ɗin da ya cinye garinmu ya ja baya fiye da kowace shekara tun da aka tashe mu. Da farko ban ga komai ba sai busasshiyar laka duk ta tsattsage. Tana ta matso da hoton, sai ga hanyar kasuwa, ga kwanar rafin da muke wanki, ga tushen katangu layi-layi. Auta, na yi kuka a gaban abokan aikinta, ko kunya ban ji ba.

Da ta tambaye ni wanne ne gidanmu, sai na kasa gane shi. Ni ta ƙofa na san gidanmu: ƙyauren nan mai ƙara, randa a hannun dama, sannan ɗakin Inna. Daga sama kuwa duk gidajen ɗaya ne, ba rufi ba ƙofa. Na nuna wannan, na koma na nuna wancan, har yarinyar ta ce in huta. A cikinmu kai kaɗai ka taɓa ganin gidan daga sama, tunda kullum kana kan tsamiyar maƙwabta, Baba na ƙasa da bulala yana jiran saukowarka. Ashe dukan da ka sha zai yi rana.

Ka san kabarin Inna yana bayan katangarmu ta gabas, kuma ranar tashi ba mu samu mun je mata ba, mota na jira. Yarinyar ta ce in aka gane gidan, na'urarsu za ta kai mu har wurin. Amma da damina ta faɗi ruwa zai sake rufe komai, ba wanda ya san ranar da zai ƙara ja. Ga hoton nan na haɗo maka. Ka duba a tsanake, ka yi wa gidan alama ka aiko da wuri. In kuma kai ma ka manta, kada ka yi mini kara ka nuna na wasu. Ka faɗa mini gaskiya, sai in je in tsaya a bakin lakar in yi wa garin duka addu'a, Inna ta tsinci tata a ciki.

Ka gaida uwargidanka, da Mai sunan Baba, da 'yar autarku sarkin surutu.

Taka yayarka, mai ƙaunarka kullum.