Mai Farar Fuska Ya Raba Ni da 'Yata

Anti Fasuma, don girman Allah ki taimake ni. Kishin wata tsohuwa 'yar China nake yi, har kunyar faɗa nake ji.

A Guangzhou muke zaune. Tunda aka matsa wa baƙi saboda wasannin Olamfik maigidana ya koma Kano sabunta biza, ni ke riƙe da shagonmu na mayafai a kasuwar Tianxiu. 'Yarmu Ruƙayyatu tana makarantar 'yan gari. Sai aka ba su faifan wani tsohon wasan kwaikwayo, irin wanda ake fenta fuska ana rera waƙa, aka ce kowa ya yi sharhi, waye mutumin kirki, waye mugu. To ni Anti, a sakandare ba a wasa sai da ni, alƙali nake fitowa har da gemun auduga. Na ce kawo faifan nan, gida kika zo. Yaren dai ba na ji sai na ciniki, amma na ga wani da farar fuska tas, ga wani ja wur yana zare ido. Na ce ai wannan ba sai an faɗa ba, rubuta farin shi ne mai gaskiya. Ashe a wurinsu fari maci amana ne, ja shi ne amintacce! Yarinya ta miƙe gaban aji ta karanta, aka yi ta sheƙa mata dariya.

Tun ranar ko tambayata ba ta yi. Kullum tana wurin maƙwabciyarmu, tsohuwar da ta yi irin wasan nan a unguwar Liwan lokacin ƙuruciyarta. Popo take ce mata, wai kaka. Kakar wa? Kakarta na Fagge! Jiya na leƙa na tarar ta ɗora kai a cinyar matar, wallahi sai da na ji zuciyata ta yi baƙi. Ga shi 'yan ajinsu za su nuna wasan, ranar kowa mutum ɗaya zai gayyata, na san ba ni ba ce. In hana ta shiga gidan, ko in tura ta Kano?

Uwar da aka ƙwace wa 'ya, unguwar Xiaobei

'Yar'uwa, kishinki ba abin kunya ba ne. Kina ƙasar mutane, miji ba ya nan, ita kaɗai ce sanyin idonki, dole abin ya yi ciwo. Amma tsohuwar nan ba ta ƙwace miki komai ba. Yarinya ta sha kunya, ta je inda za a wanke ta, ta samu. Kuma na karanta wasiƙarki daga sama har ƙasa, ban ga inda kika ba Ruƙayyatu haƙuri ba.

Daga nan za ki fara, yau ɗin nan. Sannan ki sa faifan, ki ce ta bayyana miki wasan, ki kama bakinki har ta gama. Ki yi dambu ki kai wa Popo da kanki, ki gode mata. Zancen hana ta shiga ko tura ta Kano kuwa, ki bar shi, raba ku zai ƙara yi.

In ta zaɓi tsohuwar ranar wasa, ki daure, da hannunki za ki shirya ta, ki raka su bakin titi. Duk tafin da za a yi mata a can, gida za ta dawo da labarin, ki tabbata ta same ki da fara'a.

Allah Ya sanyaya miki, Ya raya Ruƙayyatu.